Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Ina gaida na ruga da na mashekari, waɗanda suka dawo daga kiwo, suka ɗaure maruƙa, suka zauna gaban rediyo. Ina gaida fatake da 'yan kasuwar bakin iyaka, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Maigatari har Damagaram, da direbobin da ke kwana a layi suna jiran a duba takardu. Allah ya ba da kasuwa, Allah ya raya dukiya.

A wannan fili mun saba zancen farashin dabbobi, da allurar rigakafi, da burtali, da canjin naira da sefa. Yau zancen rubutu za mu yi. Kada wani ya ce bai shafe shi ba, domin a rugage da kasuwanninmu akwai 'ya'ya da ƙanne da suka yi makaranta, suna da waya a hannu, suna kuma da labarai a ciki waɗanda mutanen birni ba su taɓa ji ba.

Abin da ya jawo maganar shi ne wani saƙon murya da ya shigo mana kwanakin baya. Wata yarinya ce 'yar makiyaya, mai tallar nono a wata kasuwar bakin iyaka. Ta yarda in ba da labarinta, amma ta ce kada in faɗi sunanta, don haka zan riƙa ce mata 'yata. Ta ce, "Baba, na rubuta labari zan shiga gasa. Sun ce kada ya wuce kalma 1,500. Nawa ya kai 2,340. Saura kwana shida a rufe. Duk kalmar da na ɗora hannu zan cire sai in ji kamar naman jikina zan yanka. Ko in haƙura kawai?"

Na ce mata a'a, ba a haƙura da kaya don lodi ya yi yawa, sake ɗauri ake yi. Muka yi kwanakin nan muna aiki ta waya, ita tana gyara, ni ina saurare. Abin da muka yi shi zan faɗa muku yau, ko Allah ya sa ya amfani wani.

Da farko ku sani gasar rubutu ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai da Hausar boko. Daga nan aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Littafin So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda aka buga a 1980, shi ma ta ƙofar gasa ya fito, kuma yarinyar da aka gina labarin a kanta Bafulatana ce. A zamaninmu kuwa kun san gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, inda aka saba neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500. A 2022 wata 'yar Jamhuriyar Nijar, Amira Souley, ita ta zo ta ɗaya da labarinta mai suna Garar Biki. Kun ga ke nan iyakar ƙasa ba ta tare alƙalami. Abin da ke tare shi sau da yawa shi ne ƙa'ida: yawan kalmomi da ranar rufewa.

Wani zai ce, to don me ake ƙayyade kalmomi? Ai ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amsar. Idan aka ce tiya, to tiya ce ga kowa, ba a auna wa wani da babbar ƙwarya wani da ƙarama. Alƙalan gasa labarai da yawa suke karantawa, dole a sa ma'auni ɗaya don a yi adalci. Sannan wasu labaran a rediyo ake karanta su, shi kuwa shirin rediyo mintocinsa a ƙirge suke, kamar yadda nawa suke a ƙirge yanzu. Labarin da ya wuce iyaka, komai daɗinsa, ana iya ajiye shi gefe tun kafin ya kai hannun alƙali. Saboda haka aikin farko shi ne ka karanta ƙa'idojin gasar da kanka, na wannan shekarar, ba na bara ba, ba kuma abin da wani ya faɗa maka a bakin kasuwa ba. Ka duba mafi ƙarancin kalmomi da mafi yawansu, da shekarun da aka yarda su shiga, da hanyar aikawa, da ranar rufewa har da ƙarfe nawa.

Bari in ba ku labarin da 'yata ta rubuta a taƙaice, don ku gane inda muka sa wuƙa. Makiyaya sun san habbanaye. Ga waɗanda ba su sani ba, al'ada ce ta Fulani: idan mutum ya yi asarar dukiyarsa, sai ɗan'uwa ko amini ya ba shi aron karsana, ta zauna a hannunsa har ta haihu sau biyu ko uku, gwargwadon yadda aka yi alkawari. 'Ya'yan su zama nasa, uwar a mayar wa mai ita. Saniyar habbanaye amana ce, makiyayi ya fi tattalinta a kan nasa na kansa. To a labarin, wani dattijo da ta kira Baffa shanunsa sun ƙare a wata muguwar shekara. Amininsa da ke tsallaken iyaka ya ba shi habbanaye. Kafin ta haihu sai matar Baffa ta kwanta ciwo, asibiti suka nemi kuɗi, ba shi da abin sayarwa sai wannan saniya. Ya ja ta zuwa kara.

Da ta gama karanta mini, sai na ce, "'Yata, ajiye takardar. Faɗa mini labarin nan da numfashi ɗaya, kamar mota za ta tashi ki leƙo ta taga ki gaya mini." Ta fara, "Wato akwai wani mutum da aka haifa a..." Na ce a'a, motar ta tafi. Ta sake gwadawa, ta sake. A karo na huɗu ta ce, "Mutum ne ya kai saniyar amana kasuwa don ya ceci matarsa, ya kasa cewa na sallama." Na ce to alhamdu lillahi, wannan shi ne labarinki. Rubuta shi a saman takarda. Duk abin da ke taimakon wannan magana zai hau mota, duk abin da ba ya taimakonta zai jira wata tafiyar.

Wannan shi ne ginshiƙin zancena na yau, jama'a. Rage labari ba ya yiwuwa sai ka san abu ɗaya da labarin yake ɗauke da shi. Wanda bai sani ba, sai ya bi layi layi yana tsintar kalma ɗaya nan, biyu can, ya kwana uku yana wahala, ya cire ɗari, saura ɗari bakwai, kuma abin da ya rage duk ya rame. Makiyayin da rani ya matsa wa ba ya rage wa kowace dabba abinci har duka su faɗi. Zama yake ya duba garke, ya fitar da waɗanda za a kai kasuwa, domin sauran su kai damina da ƙarfinsu.

Sai muka yi lissafi. Iyaka 1,500 ce, amma na ce mu nufi 1,450, mu bar rarar hamsin. Dalili kuwa, manhajojin ƙirga ba duka suke ƙirga iri ɗaya ba, wata za ta haɗa da kan labari da sunanka, wata ta ɗauki kalma mai karan ɗori a matsayin ɗaya ko biyu. Mai hankali ba ya cika buhu har ya kasa ɗinkuwa. Daga 2,340 zuwa 1,450, kalma 890 ke nan za su fita. Ta yi salati. Na ce kwantar da hankalinki, da manya za mu fara.

Babba na farko shi ne mabuɗin labari. Ta buɗe da inda aka haifi Baffa, da sunan kakansa, da yadda ya gaji shanu, da yadda ya yi aure, da yadda fari ya zo. Kalma 310 kafin saniyar ta bayyana. Wannan ciwo ne da ya kama yawancinmu, domin da baki haka muka saba, sai mun share fage. A hira da dare babu laifi, dare na da tsawo. A gajeren labari kuwa, ka shiga a daidai inda wuta ta kama. Muka mayar da mabuɗin asubar ranar kasuwa, Baffa yana kwance igiya, matarsa tana nishi a bukka. Tarihin shanunsa da farin da ya cinye su muka matse cikin jimla uku, kalma 40. Mun samu 270, saura 2,070.

Babba na biyu shi ne reshen da ya fita daga gindi. A kan hanyar kasuwa ta sa Baffa ya haɗu da wani ƙanensa, suka yi doguwar rigima a kan wani tsohon gado. Rubutun ya yi kyau, har na yi dariya a wani wuri. Amma na tambaye ta, idan aka cire ƙanen nan, Baffa zai isa kasuwa? Ta ce zai isa. Zai tsaya gaban dillali da igiya a hannu? Ta ce zai tsaya. Na ce to ƙanen nan fasinja ne da bai biya kuɗin mota ba. Nan ne ta yi shiru mai tsawo, sannan ta ce, "Baba, wannan wurin na fi so, don abin ya faru da gaske a gidanmu." Na ce na sani, shi ya sa ba za mu jefar da shi ba. Ki samu wani littafi daban, ko wani shafi a wayarki, ki sa masa suna rumbu. Duk abin da kika cire ki zuba a ciki. Rigimar gadon nan labari ce mai zaman kanta, wata gasar tana zuwa. Da ta ji ba ɓacewa zai yi ba, sai hannunta ya saki. Kalma 280 suka fita, saura 1,790.

Ku riƙe wannan dabara ta rumbu. Yawancin abin da ke hana mutum yanka, tsoron asara ne. Kuma kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin labarin na asali yadda yake, ka yi aiki a kan na biyu.

Na uku shi ne gaisuwa da ciniki. Mu mutane ne masu gaisuwa, kuma Allah ya bar mu da halinmu. Amma a takarda, ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya, yaya iyali, yaya dabbobi, yaya muka ji da zafi, kafin a ƙare an ci kalma hamsin ba a ce komai ba. "Suka gaisa" ta wadatar, kalma biyu. Sai fa idan gaisuwar tana ɗauke da wani abu. A labarin akwai inda wani ya tambayi Baffa, yaya mai jiki, shi kuwa ya amsa da, "Kasuwa ta cika yau." Wannan muka bari, domin kaucewar da ya yi ta nuna abin da ke cinsa. Haka cinikin: ta rubuta tayi bakwai, kowanne da albarkarsa. Muka bar na farko da na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa shiga kara zai cike sauran da kansa, wanda bai taɓa shiga ba kuma biyu sun ishe shi ya gane. Nan muka samu 190, saura 1,600.

Na huɗu shi ne wa'azin ƙarshe. Bayan Baffa ya mayar wa dillali kuɗinsa ya juya da saniyar, sai ta ƙara sakin layi guda tana bayanin cewa amana abu ce mai girma, ya kamata jama'a su riƙe ta, duk wanda ya ci amana zai gani. Gaskiya ne duka. Amma na ce mata, 'yata, mutumin nan ya juya da saniya alhali matarsa tana kwance. Akwai wa'azin da ya fi wannan? Mai karatu ba yaro ba ne, idan kika tauna masa kika kuma haɗiye masa, me ya rage ya yi? Muka cire kalma 95. Labarin ya tsaya a inda Baffa ya kama hanyar tsallaken iyaka, zai je ya faɗa wa mai saniyar halin da yake ciki da bakinsa. Saura 1,505.

Sai a nan, bayan manya sun fita, muka zo kan tsintar ƙananan kalmomi. Ku ji misali. Ta rubuta: "Da gari ya waye, wato da asuba ta yi, sai Baffa ya tashi daga barcin da yake yi, ya miƙe tsaye, sannan ya nufi wajen da aka ɗaure saniyar domin ya je ya kwance ta." Kalma 35 ke nan. Muka mayar da ita: "Da asuba Baffa ya je ya kwance saniyar." Kalma 8. Me aka rasa? Wanda ya je ya kwance saniya ai ya riga ya tashi, ya kuma miƙe.

Ga wani. Ta rubuta: "Ransa ya ɓaci ƙwarai da gaske, baƙin ciki ya cika masa zuciya, ya ji duk duniya ta yi masa zafi." Kalma 20, kuma abu ɗaya aka faɗa sau uku. A bayanta kuma ga jimlar da ta biyo, lokacin da dillali ya danƙa masa kuɗi don ya matsa masa ya sallama: "Ya karɓi kuɗin, ya ƙirga sau uku, bai saki igiyar ba." Kalma 11. Na ce wace ce ta fi taɓa ki? Ta ce ta biyun. Na ce to ta farkon ta tafi rumbu. Idan hannu ya nuna abu, baki ba sai ya maimaita ba.

Kalmomin da za ku sa wa ido su ne irin su wato, sai kuma, daga nan sai, ƙwarai da gaske, a haƙiƙanin gaskiya, kamar dai yadda aka sani. A baki suna ba mutum damar numfashi, a takarda nauyi ne kawai. Haka karin magana: ɗaya a wurin da ya dace gishiri ce, biyar a shafi ɗaya miya ta ɓaci. Da wannan tsintar muka cire 55, muka sauka a kan 1,450 daidai.

Akwai wata dabara da wasu ke yi wadda nake jan kunnenku a kanta. Sai mutum ya riƙa haɗe kalmomi don ƙirge ya ragu: "ya ce" ya mayar da ita "yace", "a kan hanya" ta koma "akan hanya", "shi ne" ta koma "shine". Kwamfuta za ta ruɗu, alƙali ba zai ruɗu ba. Ƙa'idojin rubutun Hausa suna cikin abin da ake dubawa, kuma wani haɗin yana sauya ma'ana ɗungurungum. "A kan" wuri ne, "akan" kuwa al'ada ce, kamar a ce akan yi ruwa a watan Agusta. Wannan kamar jiƙa hatsi ne don ya yi nauyi a sikeli, ranar da aka gane, kai da kasuwar sai labari. Haka kuma ku kula da haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ. Ƙasa daban, kasa daban. Ɗaki daban, daki daban. Ana samun allon rubutun Hausa a wayoyin zamani, ku sa a saita muku.

Yanzu abin da ba a yankewa. Bayan mun kai 1,450, na ce ta bar labarin ya kwana, kada ta duba shi. Washegari ta karanta wa wata ƙawarta da ba ta taɓa jin sa ba, da babbar murya. Wannan gwaji ne da ba ya ƙarya: inda harshenka ya yi tuntuɓe, akwai gyara, inda mai saurare ya ce "ban gane ba", ka yanke abin da bai kamata ba. Ƙawar ta ce, to me ya sa ya fasa a daidai wannan lokacin? Ashe garin rage ciniki mun haɗa da wata jimla: "Saniyar ta juya kanta arewa, wajen gidan mai ita, ta yi kuka." Kalma 12. Ita ce ta karya zuciyar Baffa, mu kuma mun share ta. Muka buɗe rumbu muka dawo da ita. Labarin ya tashi 1,462. Kun ga amfanin rarar hamsin ɗin nan, kun kuma ga amfanin rumbu.

Saboda haka abu uku ba a taɓa su: dalilin da ya sa mutum ya yi abin da ya yi, da ɗan abin da ido ya gani wanda ba kowa zai iya ƙirƙiro shi ba sai wanda ya rayu a wurin, da bayanin kalmar da baƙo ba zai sani ba. Habbanaye mun bar mata jimla guda ta bayani, domin alƙalin da ya tashi a Kano ko Yamai ba lalle ya san ta ba, kuma in bai gane ta ba, bai gane labarin ba.

To sai maganar lokaci, wadda ita ce ta ba zancenmu suna. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kwana shidan nan haka muka raba su. Rana ta farko, karatu da gano gindin labari, ba a yanke komai ba. Ta biyu, manyan yanka. Ta uku, gaisuwa da wa'azi da ƙananan kalmomi. Ta huɗu, hutu, ta je tallarta. Ta biyar, karatu da murya, da gyaran rubutu, da aikawa. Ta shida kuwa muka bar ta fanko, ta Allah ce.

Me ya sa ba mu kai ranar ƙarshe ba? Ku da kuke bakin iyaka kun fi ni sani. Rezo, ko sabis kamar yadda 'yan Najeriya ke cewa, yau yana nan gobe babu. Wani lokaci wayarka ta kama na wancan ɓangaren, kuɗinka ya ƙare ba ka sani ba. Caji sai an kai wa mai janareto ko mai sola a kasuwa. Ga ranar ƙarshe kowa ke rububin aikawa. Kuma ku lura da agogo: Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, amma idan aka rubuta GMT, to agogonmu yana gaba da shi da awa ɗaya, shi ne agogon Ghana. Wanda bai lura ba yana iya ruɗewa. Mafi sauƙi, ka ɗauka ranar rufewa ita ce jajibirinta.

Ga wanda da hannu ya rubuta a littafi, ga yadda zai ƙiyasta kafin ya kai a buga masa. Ƙirga kalmomin layi biyar, ka raba biyar, ka samu na layi ɗaya. Ka ninka da yawan layukan shafi, sannan da yawan shafuka. Idan layinka kalma 9 ne, shafi layi 24, to shafi ɗaya 216 ke nan, shafi bakwai sun haura 1,500 kaɗan. Wannan ƙiyasi ne kawai. Ƙirgen gaskiya sai an buga, manhajoji irin su Microsoft Word da Google Docs suna nuna adadin kalmomi, a kwamfuta ko a waya. Kuma idan wani ya buga maka, ka zauna ka karanta abin da ya buga kafin a aika, domin sunanka ne a kai, ba nasa ba. Bayan ka aika, ka duba ka tabbata saƙon ya fita daga wayar, ka kuma ajiye shaida.

'Yata ta aika nata ranar ta biyar da la'asar, daga kan wani tudu da ke bayan kasuwa inda rezo ya fi ƙarfi. Sakamako yana hannun Allah da alƙalai. Amma ta sake kirana bayan kwana biyu. Ta ce da dare ta karanta wa mahaifinta labarin, tana fassara masa da Fulatanci inda Hausar ta yi masa nauyi. Ta ce tsohon bai ce komai ba har ta kai inda saniyar ta juya arewa, sai ya tashi ya fita wajen shanu, ya daɗe bai dawo ba. Da ya dawo sai ya ce mata, "Wa ya gaya miki?" Ta ce, "Baba, dogon da na fara rubutawa na taɓa karanta masa, barci ya yi tun ba mu isa kasuwa ba."

Jama'a, ku da kuke yawo tsakanin ƙasashe, kuna ganin abin da ba a rubuta ba: rijiyar da aka yi sulhu a bakinta, bashin da aka biya bayan shekara goma, yaron da ya ɓata da tumaki aka tsince shi a wata ƙasa. Idan 'yarku ko ɗanku ya ɗauki biro, ku ba shi lokaci, ku saya masa caji, ku zauna ku saurara idan ya karanta. Kai kuma mai rubutu, idan aka ce labarinka ya yi tsawo, kada ka yi fushi, kada ka fasa. Nemi maganar nan guda da za ka iya faɗa ta tagar mota, ka ɗora mata abin da za ta iya ɗauka, sauran ka zuba a rumbu, ka kuma tashi da wuri.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan zancen kiwo, za mu duba shirin abincin dabbobi kafin rani ya yi tsanani. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya aiko ta hanyar da aka saba. Allah ya tsare hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalamu alaikum.